Yadda ake karanta aya a fahimce ta, ba a sa mata magana a baki ba

Yanzu kam Littafi Mai Tsarki yana cikin wayar kusan kowa, kuma wannan abin godiya ne ƙwarai, amma abin da ke damuna shi ne yawancinmu a gutsure muke cin karo da shi. Aya ɗaya a sitatus, rabin aya a ƙarƙashin hoto, bidiyon minti ɗaya na wani mai wa'azi yana ɗaga murya kan kalma uku. Ayar gaskiya ce, ba wanda ya ƙirƙire ta, sai dai an ciro ta daga gidanta an sa ta faɗin abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ka tuna a Matiyu 4 da Shaiɗan ya gwada Yesu, shi ma aya ya janyo, Zabura 91, wai ka dira ƙasa mala'iku za su tare ka. Yesu bai ce ayar ƙarya ce ba, ya dai amsa masa da Maimaitawar Shari'a 6:16, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Toh in har maƙiyi zai iya riƙe aya daidai ya yi amfani da ita a karkace, ni da kai ma za mu iya, ko da zuciyarmu ɗaya. Ga yadda za ka bi, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kuma ba sai ka je makarantar tauhidi ba.

Mataki na farko, ka nemi wuri ka zauna da littafin rubutu da biro, ka kashe data in a waya kake karatun, domin saƙo ɗaya ya isa ya tsinka maka zaren tunani. Ka yi addu'a gajeriya, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka ido. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, me nake so ayar nan ta ce? In kana fushi da wani, ko kana neman hujjar abin da ka riga ka yanke, gara ka sani tun yanzu, domin mai neman hujja ba ya rasawa.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin komai: kada ka karanta aya ita kaɗai. Ka karanta babin gaba ɗaya, in da hali da wanda ya gabace shi da wanda ya biyo. Mutane da yawa ba su san cewa lambobin babi da aya ba marubutan ne suka sa ba. Rabon babi da muke amfani da shi ana danganta shi da Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai ɗab'i ne Robert Estienne ya fito da su a 1551. Sun taimaka sosai wajen neman wuri, amma Bulus wasiƙa ya rubuta, ba jerin guntayen magana ba, kuma mutanen da suka karɓa a zama ɗaya ake karanta musu.

Bari mu gwada da ayar da kowa ya haddace, Irmiya 29:11, wadda ke cewa Allah ya san shirin da yake da shi dominku, na alheri ne ba na masifa ba. Ana rubuta ta a katin gama makaranta, ana tura wa mai neman aiki, kamar ma'anarta ita ce wata mai zuwa komai zai daidaita. Koma aya ta 1. Za ka ga wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga dattawa da firistoci da annabawa da jama'ar da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, wannan kwasar ta faru a 597 kafin haihuwar Almasihu. Koma baya kaɗan babi na 28, akwai wani annabi Hananiya da ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara 2 Allah zai karya ikon Babila kowa ya dawo gida, har ya cire karkiyar itace da ke wuyan Irmiya ya kakkarya don mutane su gani da idonsu. Magana mai daɗin ji, amma ba Allah ne ya aiko shi ba, kuma a shekarar ya mutu. Yanzu dawo babi na 29 ka ji abin da wasiƙar ta ce daga aya ta 5: ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku bauta, ku yi masa addu'a. Sai aya ta 10 ta ce bayan shekara 70 ne zan dawo da ku. Shekara 70 fa. Ke nan yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar nan a Babila aka binne su. Bayan wannan ne aya ta 11 ta zo.

Ka ga ayar ba ta rage daraja ba, nauyi ma ta ƙara. Ba alkawarin fita da wuri ba ne, wancan ai shi ne wa'azin Hananiya. Alkawari ne cewa ko a tsakiyar abin da ba za ka ga ƙarshensa da idonka ba, Allah bai saki igiyar ba. Mai ciwon da ya daɗe, matar da ta yi shekaru tana jiran haihuwa, wanda rikici ya raba da gidansa, su ne wannan ayar take riƙewa da gaske, kuma in ka ba su ita a matsayin "gobe-gobe za a warware" ka cuce su, domin in goben ta zo ba a warware ba Allah za su ga kamar ya yi musu ƙarya alhali bai ce haka ba.

Mataki na uku, ka duba waye ke magana, da wa yake yi, kuma me ya jawo maganar. Ba duk abin da ke rubuce a cikin Littafi ne Allah ya amince da shi ba, wani an rubuta ne don a nuna mana kuskure. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi dogayen jawabai masu kama da wa'azi, cewa wahala alamar zunubi ce, amma a Ayuba 42:7 Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Toh in ka ciro aya daga bakin Elifaz ka je ka karanta wa mara lafiya, ka ga inda aka kwana. Wasiƙun manzanni kuma kamar ka zauna kusa da mai amsa waya ne, muryarsa kaɗai kake ji, sai ka lura da amsoshinsa kafin ka gane abin da na can ɓangaren yake tambaya. A 1 Korantiyawa 7:1 Bulus ya ce game da abin da kuka rubuto, ke nan akwai tambayoyi a gabansa. Haka Filibiyawa 4:13, zan iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa ni, a ɗaure ya rubuta ta, kuma aya ta 11 da 12 sun faɗi menene "komai" ɗin: ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Maganar wadar zuci ce, ba ta cin kofi ko cin jarrabawar da ba a yi wa karatu ba.

Na huɗu, ka gane wane irin rubutu ne a gabanka. Littattafai 66 ne a wurin Furotesta, 39 a Tsohon Alkawari 27 a Sabo, Katolika kuma suna da 73, kuma ba salo ɗaya ba ne. Akwai tarihi, akwai doka, waƙa, karin magana, annabci, bishara, wasiƙa, wahayi. Tarihi yana faɗa maka abin da ya faru ne, ba lallai abin da za ka kwaikwaya ba. Sulemanu ya tara mata 700 da ƙwaraƙwarai 300 a 1 Sarakuna 11, kuma babin da kansa ya nuna su suka karkatar da zuciyarsa. Karin Magana kuma hikima ce ta yadda rayuwa ta saba tafiya, ba takardar yarjejeniya ba, duba 26:4 da 26:5, ɗaya ta ce kada ka amsa wa wawa bisa wautarsa, ta gaba ta ce ka amsa masa, a jere aka ajiye su da gangan domin ka koyi sanin lokacin kowanne. Zabura addu'a ce ta mutum mai jini a jika, wani lokaci yana kuka, wani lokaci yana fushi har yana faɗin abin da zai sa ka runtse ido, tana koya mana mu kai wa Allah zafinmu ne, ba izinin ramuwa take bayarwa ba.

Wahayin Yahaya shi ya fi shan wahala a hannunmu. An rubuta shi daga tsibirin Batmusa zuwa ikilisiyoyi 7 da ke yankin da yau yake cikin Turkiyya, mutane ne da ke ƙarƙashin mulkin Roma ana matsa musu su durƙusa wa abin da ba Allah ba, kuma cike yake da hotunan da aka ɗauko daga Daniyel da Ezekiyel da Fitowa. In ba ka san waɗancan ba sai ka riƙa cusa labaran yau a ciki, duk sabon kati ko allura ko na'ura sai a ce 666 ce, lambar dabbar nan da ke cikin Wahayi. An sha yin haka. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, akwai waɗanda suka bar aiki suka kashe ajiyarsu saboda wannan, ranakun suka zo suka wuce. Alhali Matiyu 24:36 a fili take, ba wanda ya san ranar ko sa'ar.

Na biyar, kafin ka ce "abin da ayar ke gaya mini", rubuta a jimla ɗaya abin da ta gaya wa mutanen farko. Da biro, a takarda. In ka kasa rubutawa, ba ka gama karatu ba, koma. A nan ne yake da kyau ka duba fassara biyu ko uku, ka karanta ɗan gabatarwar da wasu bugu ke sawa a farkon kowane littafi, ka duba taswirar baya in akwai.

Na shida, bari Littafi ya fassara kansa. Wurin da ke da duhu a haska shi da wurin da ke a sarari, kada ka gina koyarwa sukutum a kan aya ɗaya mai wuya. Misalin da ke ci mini rai shi ne Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna, wato waɗanda Allah ya keɓe. Sau nawa aka rufe bakin wanda aka zalunta da wannan ayar, an ci kuɗin ikilisiya ko an lalata yarinya, in an yi magana sai a ce kul, shafaffe ne. Karanta daga aya ta 8 zuwa 15 ka gani, maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi lokacin suna 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Kariyar marasa ƙarfi ce daga masu iko, mu kuma muka juya ta ta zama garkuwar masu iko. Sannan ka ajiye ta kusa da 2 Sama'ila 12 inda Natan ya dubi Dawuda, shafaffen sarki, ya ce kai ne mutumin, da Galatiyawa 2:11 inda Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, da 1 Timoti 5:19-20 da ta tsara yadda ake karɓar ƙara a kan dattijo da shaidu 2 ko 3. Girmama shugabanni wajibi ne, Littafi ya faɗa, amma bai taɓa cewa sun fi ƙarfin tambaya ba.

Kuma kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Shekaru aru-aru an yi amfani da Farawa 9 wajen halatta bautar da baƙar fata, wai la'anar Ham ɗan Nuhu ce, alhali in ka buɗe wurin Kan'ana ɗan Ham aka la'anta, kuma ko kalma ɗaya ba a yi kan launin fata ba. Mutane sun mutu a cikin sarƙa saboda karatun son zuciya. Augustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a 430, ya bar mana ma'auni mai kyau: in fahimtarka ta nassi ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, toh ba ka fahimce shi ba tukuna. Daga bakin Yesu ya samo wannan, Matiyu 22:37-40. A Luka 24:27 kuma Yesu ya bi da almajirai biyu ta littattafan Musa da annabawa yana nuna musu abin da ya shafe shi, don haka duk inda kake karatu ka tambaya, ina wannan ya haɗu da Almasihu, da gicciyensa da tashinsa?

Sai mataki na bakwai, inda ake tsallakowa zuwa yau, kuma a nan ne ake faɗawa rami biyu. Wasu su ce zamani ya canza a bar tsohon zance, wasu kuma su kwafo al'adar wancan lokaci ɗungurungum su ɗora wa mutane. Abin yi shi ne ka nemo dalilin da ke ƙarƙashin umarnin. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce in ka gina sabon gida ka ja ɗan bango kewaye da rufin, kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidanka. Rufinsu shimfiɗaɗɗe ne, ana hawa a zauna a kai. Ko rufinka ba a hawa, dalilin yana nan daram: ran wani yana wuyanka a cikin abin da ka mallaka. Mai mota da ya san birkinsa ya lalace ya ɗebi fasinja, mai gini da ya rage ƙarfe don riba, mai kamfani da ya hana ma'aikata kayan kariya, duk ayar nan tana kallonsu.

Haka za ka yi da abin da Littafi bai ambata da suna ba. Babu WhatsApp a ciki, amma akwai Fitowa 20:16 kan shaidar zur, akwai Karin Magana 18:17 da ta ce mai fara kawo ƙara kamar shi ke da gaskiya sai ɗayan ya zo, akwai Yakubu 3 kan harshe da yadda ƙaramar wuta ke cinye babban jeji. Kafin ka tura wancan saƙon da ke zargin wani ko wata ƙabila ko wani addini, tambayi kanka ko ka tabbatar, domin yatsa ma harshe ne yanzu. Fim da waƙa da sutura da sauransu kuma, karanta 1 Korantiyawa 6:12 da babi na 8 zuwa 10 da Romawa 14 a natse. Rigimarsu ita ce naman da aka yanka wa gumaka, Bulus bai ba su jerin sunayen halal da haram ba, tambayoyi ya ba su: abin yana ginawa? zai sa ɗan'uwa mai raunin lamiri tuntuɓe? yana neman ya mallake ni? zan iya yinsa don ɗaukakar Allah? Kuma shi kansa bai guji al'adar mutane ba, a Atina cikin Ayyukan Manzanni 17 ya zaga ya duba wuraren sujadarsu, ya janyo maganar mawaƙansu, ya yarda da abin da ke gaskiya a ciki, sannan ya kira su ga tuba. Bai haɗiye duka ba, bai kuma tofar da duka ba.

Wani abu da nake roƙonka a nan, ka fara ɗora ayar a kanka kafin ka ɗora wa wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In duk karatunka yana ƙarewa da "da ma wane ya ji wannan", akwai matsala. Rubuta abu ɗaya takamaimai da za ka yi a makon nan, kamar kiran wanda kuka ɓata, ko biyan bashin da kake ta kauce wa, ba "zan ƙara ƙauna" ba wanda ba a iya aunawa.

Na ƙarshe, kai fahimtarka gaban 'yan'uwa. Mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni 8, babban ma'aji ne na sarauniya, yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, da Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa bai ji kunya ba ya ce ina zan gane in ba wani ya bi da ni ba. Matambayi ba ya ɓata. Ka gaya wa fastonka ko wani dattijo ko 'yan ƙungiyar nazarinku abin da ka gano, ka ji ta bakinsu. In ka fito da wata ma'ana da ba wanda ya taɓa gani cikin kusan shekara 2000 na ikilisiya, ka yi taka-tsantsan sosai. Ta ɗaya gefen kuma kada ka miƙa wuya ga duk mai riƙe da makirufo, mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 an yabe su ne don suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa. Toh balle wanda ka gani a TikTok jiya. In an jefo aya a wa'azi, rubuta ta, in ka koma gida karanta aya 10 kafinta da 10 bayanta.

Za ka haɗu da wuraren da ko ka bi duk matakan nan ba za su buɗu ba. Bitrus ma ya ce a 2 Bitrus 3:16 akwai abubuwa masu wuyar fahimta a wasiƙun Bulus, waɗanda marasa sani ke murɗawa. Sa alamar tambaya a gefen shafin, rubuta kwanan wata, ka ci gaba, wani lokaci littafin da za ka karanta bayan wata shida shi zai warware maka.

In yau za ka fara, ɗauki Filibiyawa, duka-duka babi huɗu gare shi, minti 15 zuwa 20 ka gama. Karanta shi duka a zama ɗaya, da murya in za ka iya, gobe ka sake, jibi ka sake, kana ja wa kalmomin da ke ta maimaituwa layi. Daga rana ta huɗu sai ka fara bin sa sashe-sashe da matakan nan. In ka gama ka wuce Markus, mai babi 16, babi ɗaya a rana.